Makarantar da Ba a Yi wa Gayya Ba

Rahila ta sauka! Mace ce, da gashinta cike da kai, uwa da ɗiya duk lafiya lau. Ka zama uba, Malam, ni kuma na yi amarya da furfurata.

To, yanzu sai in gaishe ka. Ka yi haƙuri na sa labari gaban gaisuwa, bakina ne ya kasa riƙewa. Ina gajiya, ina aiki? Yaya yaran makaranta, yaya mutanen ƙauyen da kake zaune cikinsu? Ubangiji ya tsare ka a ƙasar nan ta Haiti, ya kau da idon 'yan bindiga daga kanka da kan yaran da ke hannunka, ya sa ka kwana lafiya ka tashi lafiya.

Na san kafin ka hau tudun nan da kake samun sabis ka buɗe hoton takardar nan, hotunan jaririya sun riga ni isa. Amma hoto ba zai gaya maka yadda aka yi da ni ba. Ina wanke motar kafil ɗina, maigidan da nake wa tuƙi, a unguwar Aziziya nan Doha aka kira ni daga asibitin da Rahila take aiki. Na saki tiyo yana ta zuba a tsakar gida. Tsohuwar gidan, uwar kafil, ta leƙo ta taga za ta fara faɗa, na ce mata jika na samu. Ta ce, "Mabruk, ya Butrus! Yalla, tafi, halas, bar motar nan!" Haka na tafi da riga jiƙe. Da aka miƙo mini yarinyar na yi kuka a gaban ma'aikatan asibiti, ban damu da wanda ya gani ba. Ranar da aka haife ka ko kallonka ban yi a gaban mutane ba, saboda kunyar ɗan fari. Har yau bakina bai iya kiran sunanka ba, Allah ne ya taimake ni ka zama malamin makaranta na samu abin kiranka. A kan jika kuwa babu wannan kunyar, kuma sai yanzu na san abin da na yi ta haɗiyewa.

Ranar Juma'a na haɗu da abokina Alhaji Sani, Bazamfaren nan mai gadin sito a unguwar Sana'iyya, muka sha shayi a kasuwar Suƙ Waƙif kamar yadda muka saba. Na nuna masa hoto. Ya ce, "Bitrus, wannan kyakkyawar ce za ta zauna da kai? Da wane haƙorin za ka ci kazar amarcin? Ka sake ta kawai in aura."

Na ce, "Kai da kake barci a bakin aiki, ita ce za ta riƙa yi maka gadin?"

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "To uban yarinya fa, yaushe zai sauka?"

Nan dariyata ta ƙare.

Rahila ta kunna mini saƙon muryar da ka turo mata. Na ji ka ce ba za ka iya zuwa bana ba. Guguwa ta yaye rufin aji ɗaya, 'yan bindiga sun tare hanyar babban birni, kwanon da ka saya ya maƙale a can, malaminka guda ya tsallaka iyaka neman abinci, kuma ba ka da wanda za ka bar wa makullai. Ka ce in ka ɗaga ƙafa makarantar za ta watse. Rahila ta kashe wayar, ta gyara wa yarinya zane, ta juya fuska bango. Yarinyar kirki ce, ita ta amince ka tafi, kuma ba za ta taɓa ce maka ka bar aikin Ubangiji ba. Amma na ga fuskar nan, na kuwa taɓa ganin irinta a gidanmu. Muryar da na ji a wayar ma ba taka ba ce, tawa ce ta shekarun baya.

Na gaji, Malam. Bayana ciwo yake in na daɗe a mota, idona ba ya son hasken titi, rubutun nan ma sai na huta nake ci gaba. Ba ni da dukiyar da zan bar maka. Abin da nake da shi da yawa shi ne kuskure, don haka bari in ba ka tun ina iya riƙe biro.

Kana ƙarami lokacin, ba za ka tuna da yawa ba. Ina direban babbar mota, na wuce shekara talatin ban san harafi ko ɗaya ba. Takardar kaya sai in miƙa wa ɗan sanda a juye. Da aka buɗe ajin yamma na manya a majami'ar da nake zuwa a Funtuwa, na shiga, na zauna a benci da gwiwoyina suna taɓa ƙirjina. Ranar da na karanta allon kan hanya da kaina na tsayar da mota na sauka na sake karantawa. Daga nan wani zafi ya kama ni. Na ce ba yaron da zai ƙara girma a ƙauyenmu yana makaho irina. Na ajiye tuƙi, na koma gida, dattawan ikkilisiya suka ba ni filin da ke bayan majami'a, fasto ya yi addu'a.

Sarkin Noma Gambo, Allah ya ji ƙansa, ya zo har ƙofar gidana da sandarsa. Ya ce, "Bitrus, mun ji za ka yi wa yara ɗakin karatu. Ka faɗi rana a buga gangar gayya. Samari su kwaɓa ƙasa, mata su dama kunu, kai dai ka kayar da akuya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ginin gayya karkatacce ne. Wannan makaranta ce, ba rumbu ba. Bulo za a sa, magina kuma daga Funtuwa zan ɗauko."

Gambo ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Ginin naka ne."

Na ɗauka albarka ya sa mini. Gini ya tashi sambal, da kwano yana ƙyalli, ana hango shi tun daga rafi. Ba wanda ya ce makarantar majami'a, ba wanda ya ce makarantarmu. Kowa makarantar Bitrus yake cewa, ni kuwa in na ji sai daɗi ya kama ni.

Damina ta uku, iskar ruwan farko ta ɗauke rufin gaba ɗaya ta nannaɗe shi a gonar wani. Da gari ya waye mutane suka yi ta zuwa. Kowa ya tsuguna ya ce, "Sannu, Bitrus. Ashe abin da ya same ka ke nan. Allah ya mayar maka da alheri." Ya shafa addu'a, ya tashi, ya ɗauki fartanyarsa ya wuce gona. Har iyayen yaran da ke ajin. Jaje suka zo yi mini, yadda ake yi wa wanda saniyarsa ta mutu. Ba wanda ya kawo ko ƙusa. Iskar nan kuwa ta kayar da ɗakin wata tsohuwa a bayan gari, kafin rana ta yi tsaka samari sun ɗora mata sabuwar jinka suna waƙa. Ina jiyo gangarsu daga inda nake tsaye cikin aji marar rufi.

Na koma gida ina zagin butulcin mutane. Innarka, da tsohon ciki a lokacin, ta ce, "Kai ka ce musu hannunsu karkatacce ne. Yanzu kuma kana jira su kawo maka shi?"

Da na yi hankali, da na tafi wurin Gambo na tsuguna. Kalma uku ce, ku taimake ni. Amma girman kai bai bar ni ba. Ni da kafinta guda muka hau muka yi ta fama. Ina kan rufin nan aka aiko cewa innarka ta haifi ƙanwarka Lami. Na ce ina zuwa, bari in ƙarasa layin nan, hadari na haɗuwa. Sai da rana ta faɗi na shiga. Ta juya fuska bango. Ta yafe mini tuntuni, amma ranar da na kira in yi mata albishir, abin da ta fara cewa bayan guɗa shi ne, "Shi kuma ɗanka yana kan wane rufin?"

Kai ka taɓa gaya mini cewa mutanen can suna da gayya irin tamu, da ganga da waƙa da tukunyar abinci, kombit ko me ka ce suna kiranta. Ka ce har ka je ka taya su shukar wake ka ji kamar kana gida. To me ya hana ka kira ta a kan rufin nan? Na san amsar, don ni ma ita na ba kaina. Kana ganin talauci ya ishe su, kana jin nauyin ka ɗora musu wani kaya, kuma a can ƙasan ranka kana son aikin ya fita tsaf. Mutumin da ka hana shi sa hannu saboda tausayi, da wanda ka hana saboda raini, duk abu ɗaya suke ji. Ka ƙyale kwanon da ke birni, in hanya ta buɗe ya zo. Ka tambaye su da me kakanninsu suke rufi. Ko ganyen kwakwa ne, ko tsohon kwano mai huji, su ɗora abinsu. Zai karkace, zai yi yoyo a kusurwa. Amma ranar da iska ta sake zuwa, wanda ya ɗaure shi ba jaje zai zo yi maka ba.

Ba nan kaɗai na ɓata ba. Na kawo ƙararrawa daga birni, na sa ƙofa, na ce duk yaron da ya zo bayan an kaɗa ya koma gida. Yaran da sai sun kai awaki kiwo sun ɗebo ruwa daga rafi kafin su taho, su nake kora. Wata yarinya, Talatu, mai kai kamar me, kullum a makare take zuwa da rigarta jiƙe da ruwan tulu. Na kore ta sau da yawa har ta daina zuwa. Lokacin noman fari kuma na ce jarrabawa, don haka na ga ana yi a Funtuwa. Benci ya zama fanko, ni kuma ina cewa iyaye ba su san darajar ilimi ba. Sun sani. Sun dai san cewa in ciyawa ta ci gero ba wanda zai ci alli. Ka zauna da iyayen yaranka su gaya maka ranar kasuwa, da lokacin girbi, da nisan da yaro ke takowa daga bayan duwatsu. Wanda ya zo a makare ka ba shi wuri. Ya fi wanda bai zo ba.

Akwai wata maganar a saƙonka da ta hana ni sakewa. Ka ce shinkafar da kuke dafa wa yara da rana ta kusa ƙarewa, ga kuma yaran da suka gudo daga birni suna ƙaruwa, har kana tunanin a fara ba 'ya'yan 'yan majami'a kafin saura. Kada ka yi. A makarantata akwai 'ya'yan Musulmi maƙwabtanmu, akwai na Maguzawa. Wata rana na tashi na ce duk yaron da ban gani a sujada ran Lahadi ba, kada in gan shi a aji ran Litinin. Na ɗauka aikin Allah nake yi. Cikin mako guda rabin yaran suka ɓace, kuma ba ɗaya da ya ƙaru a majami'a. Liman da muke gaisawa kullum ya aiko mini da maganar da har yau take sukata: ya ce ya ba ni amanar 'ya'yansa in koya musu karatu, ba in yi ciniki da su ba. In abinci ya yi kaɗan, a ƙara ruwa a tukunya, a rage ludayi, kowa ya samu. Kai ma ka ci daga tukunyar nan a gabansu, kada a kai maka naka ɗaki.

Ban ce wahalata ta kai taka ba. Ni ban taɓa koyar da yaron da ya ga an ƙone gidansu ba. Ban san yadda ake yi da malamin da ya zo aiki bai karya ba, ko uwar da ta kawo ɗanta don kwanon abincin rana kawai. Ina ganin labarin ƙasar a waya, sai in kashe in yi addu'a. Ina alfahari da kai, ko da yake bakina bai saba faɗa ba. Faransancin da ka yi ta wahalar karantawa muna cewa me za ka yi da shi, ga inda Ubangiji ya kai shi. Amma daidai saboda nauyin ya fi nawa ne nake gaya maka kafaɗa ɗaya ba za ta ɗauka ba.

Sai makullai. Na sito, na ofis, na akwatin alli, duk a igiya ɗaya nake rataye su a wuyana, har coci da su nake shiga. Ina da mataimaki, Malam Dauda, mutum mai haƙuri, amma ko alli zai ɗauka sai ya nemo ni. Ba don ya taɓa ɗaukar mini komai ba. Ina dai jin daɗin a neme ni. Da abubuwa suka tsananta, kuna girma, ga kuɗin makarantarku, na samu hanyar tuƙi a nan Doha na taho da niyyar shekara biyu. Na cire igiyar na miƙa wa Dauda a tasha, mota tana shirin tashi. Mutumin da bai taɓa buɗe sito da kansa ba, bai taɓa zama da dattawa a kan maganar makaranta ba, me zai yi da igiya? Ya yi iya ƙoƙarinsa. Kafin in je hutun farko an rufe. Ka ga ginin da idonka, bangon yana nan sambal, awaki ke kwana a ciki.

Shi ya sa da na ji ka ce makarantar za ta watse in ka ɗaga ƙafa, gabana ya faɗi. In gaskiya ne, to ta riga ta fara watsewa kana tsaye a ciki. Kai baƙo ne a can, Malam. Ko ba haihuwa, wata rana takardar zamanka za ta ƙare, ko ciwo ya zo, ko a ce baƙi su fita. Gara su koyi riƙe ta yanzu da kake iya komawa ka ga inda suka yi tuntuɓe.

Kana yawan ambaton Madam Rozlin mai dafa wa yara abinci, ka ce ta san gidan kowane yaro da abin da aka ci a gidan. Ka ba ta makullin sito, ba ranar tafiyarka ba, gobe. Kada ka tsaya a bayanta tana aunawa. Malamin da ya rage maka, saurayin nan da ka ce yana da saurin fushi amma yara na son sa, ka bar masa ƙararrawa da rajista, ka koma bencin baya ka yi shiru ko ka ga ya yi ba daidai ba. In an tashi ku yi magana ku biyu.

Sannan ran Lahadi bayan sujada ka miƙe a gaban jama'a. Kada ka yi musu wa'azi a kan muhimmancin ilimi, sun ji ya ishe su. Ka gaya musu da harshensu cewa an yi maka haihuwa, ɗiyarka ta fari, a wata ƙasa mai nisa, kuma ba ka gan ta ba. Ka ce ba ka iya rufin nan kai kaɗai, ba ka iya makarantar nan kai kaɗai. Ka ce su taimake ka. Daga nan ka zauna ka rufe bakinka, komai tsawon shirun. Ban san abin da za su ce ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni ban taɓa gwadawa ba. Amma su ma iyaye ne, kuma ban yarda akwai ƙauyen da za a ce wa mutum bai ga ɗiyarsa ba su ce ba ruwansu.

Maganar hanya kuma, kada murnata ta sa ka yi ganganci. Ban ce ka kama hanyar birni gobe ba. Na yi tuƙi ya ishe ni sanin cewa baƙo ba ya zaɓar hanya. Su za su gaya maka ta inda ake bi da ranar da ake bi, da wanda zai raka ka. In sun ce zauna, ka zauna, ko wata nawa ne, za mu jira, Rahila ma za ta fahimta. Abin da ba za ta fahimta ba, kuma ni ma ba zan taya ka bayani ba, shi ne hanya ta buɗe a same ka da igiyar makullai a wuya.

Ka turo sunan da kake so a sa mata, fasto na jira. Rahila ta ce za a yi addu'ar suna a ɗakinta cikin sauƙi, amma ragon da shinkafar sai ƙafarka ta taka Doha. Ni na goyi bayanta. Ana nema wa innarka bizar ziyara, ta riga ta fara daka yaji da kuka kamar za ta ciyar da Ƙatar duka.

Ubangiji ya ba ka tawali'un da ni ban samu da wuri ba. Ya ƙosar da yaran nan, ya kwantar da ƙasar, ya buɗe hanya, ya kawo ka lafiya ya mayar da kai lafiya wurin aikinka. Ka gaishe mini da Madam Rozlin da dattawan ikkilisiyarku, ka ce wani tsohon direba yana roƙon su ara masa ɗansa na ɗan lokaci, zai mayar.

Kafin nan, ka tara yaran duka ka hau da su tudun sabis, Rahila za ta kira ta bidiyo su ga ƙanwarsu. Kowa na gayyata. Alhaji Sani zai zo da abokan gadinsa, tsohuwar gidanmu ta ce in kai ta da kaina, har ɗan Nepal mai gyaran tayarmu na ce ya zo. Duk wanda na haɗu da shi sai in ce ya zo ya ga amaryata, ƙofa a buɗe take. Kowa ya amsa.

Saura kai. Ka zo ka gani, Malam. Tana da goshin innarka, tana da dogayen yatsu, kuma in ta buɗe ido sai ta yi ta bin ɗakin da kallo, fuska bayan fuska.

Ni ne mahaifinka,
Bitrus